Ƙaramin Shago Ma Yana Fashewa: Martani Kan Dokokin Sinadarai a Zangon Kumasi

Sinadarai masu haɗari a Kumasi ba su tsaya a manyan masana'antun Kaase da Ahinsan ba. Ana samun su a shagunan masu walda da masu fentin mota, da tsakar gidan mata masu dafa sabulu, da sito na masu hatsi, da rumfunan masu sayar da maganin feshi, tun daga Aboabo da Asawase har Sabon Zango, Alabar da Moshie Zango. Akwai kabaid, akwai tinna da tafentin, akwai soda mai ƙuna da ruwan batir, akwai ƙwayar da ake sa wa masara da wake don kashe ƙwari, ga kuma tukwanen gas manya da ƙanana. A 'yan shekarun nan Ghana ta sabunta ƙa'idojin da suka shafi waɗannan kaya. An tsaurara sharuɗɗan safarar nakiya bayan 2022, an fara sauya tsarin sayar da gas, sannan a farkon 2025 Dokar Kare Muhalli mai lamba 1124 ta maye gurbin tsohuwar doka mai lamba 490 ta 1994, ta kuma ƙara wa hukumar kare muhalli ta EPA iko.

Wani marubuci daga cikin masu kare muradun ƙananan 'yan kasuwar Zango ya fito da ra'ayin cewa a cire masu ƙaramin jari daga waɗannan ƙa'idoji gaba ɗaya. A ganinsa dokokin kwafi ne daga Turai, an tsara su don kamfanonin haƙar zinariya da masana'antun Tema, kuma ɗora su a kan mai shago ɗaya zalunci ne. Ya ce kuɗin lasisi da takardun shaida sun fi ƙarfin talaka, jami'an bincike kuma sun mai da zagayensu hanyar neman na goro. Ya ƙara da cewa iyaye da kakanni sun yi waɗannan sana'o'i ba tare da takarda ba, kuma abin da Allah ya ƙaddara babu dokar da za ta hana shi. A cikin ƙorafinsa akwai gaskiyar da ba za a musanta ba, kuma za a zo kanta. Amma shawarar da ya gina a kan ƙorafin, wato a yafe wa ƙananan wurare bin doka, ita ce mafi haɗari ga mutanen da yake son karewa.

Batun cewa dokokin baƙi ne shi ne mafi sauƙin warwarewa, domin da yawa daga cikin sababbin ƙa'idojin suna da gawarwakin 'yan Ghana a bayansu. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta kwashi man fetur daga gidan man GOIL da ke shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, man ya bi saman ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka mutu, da yawansu masu fakewa ne daga ruwan sama. Ranar 7 ga Oktoba 2017 gas ya tsiyaya lokacin da wata tanka ke sauke kaya a wani gidan gas da ke Atomic Junction kusa da Madina, ya fashe, wutar ta haura zuwa gidan man da ke maƙwabtaka. Mutum 7 suka rasu, sama da 130 suka ji rauni. Daga wannan hatsari ne gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ba da umarnin komawa tsarin musayar tukunya, inda ake cika gas a manyan cibiyoyi nesa da jama'a, mai saye ya kawo tukunyar da ta ƙare ya karɓi cikakkiya.

Sai kuma Appiatse. Ranar 20 ga Janairu 2022 wata mota ɗauke da kimanin tan 10 na nakiyar kamfanin Maxam, a kan hanyarta ta zuwa mahaƙar zinariya ta Chirano, ta yi karo da wani abin hawa a wannan ƙauye da ke kusa da Bogoso. Wuta ta fara tashi, jama'a suka matso kallo saboda ba su san abin da ke cikin motar ba, daga nan ta tarwatse. Aƙalla mutum 13 suka mutu, ƙauyen kuma ya zama kufai. An ci kamfanin tarar da jimillarta ta kai dala miliyan 6, aka gindaya masa sharuɗɗan da suka haɗa da rakiya gaba da baya da sanar da babban sufeton ma'adinai kafin a ɗauki kaya. Sai a 2024 aka miƙa wa mutanen garin rukunin farko na sababbin gidaje. Wanda ya ce waɗannan ƙa'idoji daga waje aka shigo da su bai yi wa mamatan Appiatse da Madina adalci ba. Ko a Turai ma haka dokar ta samo asali: gubar da ta fita daga wata masana'anta a garin Seveso na Italiya a 1976 ita ta haifi dokar 1982 da ake kira da sunan garin, aka sake gyara ta a 1996 da 2012.

Babbar hujjar marubucin ita ce ta girma da ƙanƙanta, kuma a nan ne kuskurensa ya fi zurfi. Ya auna haɗari da girman jarin mai kaya. Abin da ke sa hatsarin sinadari ya yi kisa kuwa abu uku ne: irin sinadarin, yawansa, da tazarar da ke tsakaninsa da mutane. Babban kamfani yana da kuɗin sayen tazara. Yana da fili, da katanga, da rumbun ajiya a can gefe, da tankin ruwa, da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Mai shago a Aboabo ba shi da ko ɗaya. Tsakanin gangar kabaid ɗinsa da ɗakin da yara ke kwana, sau da yawa bango ɗaya ne na bulo ko na katako. A ƙofar shagon akwai mai suyar ƙosai, a bayansa makarantar allo, lungun kuma bai isa motar 'yan kwana-kwana ta shiga ba. Kayan da ba su kai a damu da su a cikin filin masana'anta ba sun isa su ƙone layi guda a unguwa irin wannan.

Kabaid misali ne mai kyau, domin masu walda a unguwar kanikawa ta Suame Magazine da cikin unguwannin Zango suna amfani da shi kullum. Idan ruwa ya taɓa shi yana fitar da iskar asetilin, wadda ita ce ke ba da harshen wutar walda. Kilo ɗaya yana fitar da kimanin lita 300 na wannan iska, kuma idan ta kai kashi 2.5 cikin 100 na iskar ɗaki ta isa ta fashe. Wato kilo ɗaya tak da ya jiƙe ya isa ya mai da ƙaramin shagon kwantena da aka kulle ya zama abin fashewa, yana jiran wanda zai kunna fitila da safe. Kumasi gari ne mai ruwan sama sau biyu a shekara, kuma unguwannin da ke gefen rafin Aboabo sun saba da ambaliya. Wani abin da ya fi tayar da hankali shi ne, idan gobara ta tashi inda kabaid yake, maƙwabtan da suka rugo da bokitan ruwa don taimako suna ƙara mata ƙarfi ne ba tare da sun sani ba. Busasshen yashi ko na'urar kashe wuta mai hoda ake buƙata. Rubuta abin da ke cikin sito a jikin ƙofa, domin waɗannan maƙwabta ake yin sa.

Gas ɗin girki kuma halinsa daban. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake, amma lita ɗaya idan ta fita takan zama kusan lita 250 na iska. Ya fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata, ya gangara har inda ya iske murhu ko tartsatsin janareta, sai wutar ta biyo shi baya zuwa inda ya fito. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cika tukunya maƙil, ake barin wuri don kumburar gas idan rana ta yi zafi, kuma shi ne ya sa juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a cikin shago yake da muni. A Sabon Tasha ta Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020, wani ƙaramin shagon sayar da gas ya fashe, cikin waɗanda suka mutu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda ba shi da wata alaƙa da sana'ar.

Ƙwayar hatsi ta fi duka yin kisa a ɓoye. Sinadarin da ke cikinta yana haɗuwa da danshin iska ya fitar da guba mai suna fosfin, wadda ba ta da makari. An yi ta ne don rufaffen rumbu da babu mai kwana kusa da shi. Idan aka sa ta a sito da ke manne da ɗakin kwana, gubar takan bi ta saman bango da ramukan rufi. A 2018 yara uku 'yan gida ɗaya sun rasu a Accra bayan an yi amfani da irin wannan ƙwaya a cikin ɗaki don kashe ƙwari. Dokar Ghana ta daɗe da cewa sai mai lasisin EPA zai sayar da maganin ƙwari, kuma sai wanda aka yi wa rajista. Idan aka yafe wa ƙananan masu sayarwa wannan sharaɗi, daidai wurin da ake ɓalle ƙwayar daga gwangwaninta a sayar da ita ɗai-ɗai a ƙullin leda aka yafe wa.

Kumasi ba ta buƙatar aron misali daga nesa. Ranar 15 ga Maris 2023 gobara ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia, ginin zamani mai shaguna kusan 8,000. Bayanin da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya yi bayan ya ziyarci wurin shi ne cewa girki ake yi da tukunyar gas kusa da wani shago da ke sayar da tafentin, albarushi da kabaid. Babu babban kamfani a wannan labari. Masu ƙaramin jari ne biyu, kowa yana neman abincinsa, aka haɗa kayan da bai kamata su yi maƙwabtaka ba. Shaguna da dama suka ƙone, aka rufe kasuwar na kwanaki, dubban mutanen da ba su da hannu a ciki suka rasa ciniki. Bayan shekara biyu, a Maris na 2025, wata gobarar ta cinye ɗaruruwan shaguna a Adum, inda cunkoso ya wahalar da masu kashe wuta. Da shawarar marubucin ce doka, shagon da ya ajiye albarushi a tsakiyar Kejetia yana cikin waɗanda za a ce babu mai ikon bincikarsu.

Marubucin ya yi magana kamar mai shago ne kaɗai ke ɗaukar kasadar, don haka shi ya kamata a bar wa zaɓi. Amma mai shago yakan kulle ya tafi gida. Waɗanda ke zama da hayaƙin su ne yaran da ke koyon sana'a, da 'yan matan kayaye da ke ɗaukar jarkoki a ka ba tare da sanin abin da ke ciki ba, da direban aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), da 'yan haya na gidan da ke baya. Ba a nemi shawarar ko ɗayansu ba. Haka aka yi a Bhopal ta Indiya a daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984: dubban da guba ta kashe yawancinsu talakawa ne da ke barci a unguwannin da ke jikin katangar masana'antar Union Carbide.

Dokokin Ghana sun san da waɗannan mutane. Dokar Ƙwadago ta 2003 mai lamba 651, a sashe na 118, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki alhakin tabbatar da aminci wajen amfani da kaya da ajiye su da jigilarsu, da samar da kayan kariya ba tare da an cire daga albashin ma'aikaci ba. Ta kuma ce a ba da horo gwargwadon shekarun ma'aikaci da iya karatunsa, abin da ke nufin miƙa wa yaro takardar Turanci bai sauke nauyi ba, sai an yi masa bayani da Hausa ko Twi ko Dagbani. Sashe na 119 ya ba ma'aikaci 'yancin janye jikinsa daga aikin da ya ga yana barazana ga rayuwarsa ba tare da an kore shi ba. Sashe na 120 ya ce a kai rahoton hatsari cikin kwana 7. Dokar Yara ta 1998 mai lamba 560 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, kuma ta ambaci wuraren da ake aiki da sinadarai a cikin jerin. Cire ƙananan wurare daga bin doka yana nufin cire waɗannan kariya daga kan yaran Zango, tunda a ƙananan wuraren suke aiki.

Maganar iyaye da kakanni tana da daɗin ji, amma kayan aikin sun canza. Majemin da ya zo Kumasi zamanin fataucin goro da bagaruwa da toka yake jima. Mai sabulu da ruwan toka take dafawa, mai hatsi da toka da barkono yake kare rumbunsa. Waɗannan mutane sun san kayansu sarai, suna da ƙa'idojin da ubangida ke koya wa yaronsa. Sinadaran yau daga masana'antun ƙasashen waje suke zuwa, da ƙarfin da ilimin gado bai taɓa cin karo da shi ba. Babu kakan da ya gargaɗi jikansa cewa haɗa bilic da ruwan asid yana fitar da iskar kulorin, ko cewa soda ake zubawa a ruwa sannu a hankali, ba ruwa a kan soda ba, ko cewa soda tana cin tukunyar alminiyam ta fitar da iska mai kama wuta. Batun ƙaddara kuwa, malaman Zango ba su taɓa karantar da cewa imani da ita yana ɗauke wa mutum yin sababi ba, kuma hana cutar da maƙwabci yana cikin abin da ake koya wa yaro tun yana ƙarami. Mutumin da ke sa wa shagonsa kwaɗo biyu saboda ɓarawo ya riga ya yarda da yin sababi.

Saura batun tsada. Idan aka duba abin da bin ƙa'ida ke buƙata a ƙaramin wuri, mafi yawansa tsari ne, kuɗinsa kaɗan. A raba mai kama wuta da mai rura wuta, kada takin zamani ko bilic ya zauna kusa da fetur da tinna. A ɗora kabaid a kan katako sama da ƙasa, a rufe murfinsa. A bar tagar iska sama da ƙasa. Kada a juye sinadari a robar lemo ko ta ruwan sha, kuma kada a cire takardar da ke jikin jarka, domin alamomin nan masu jan kusurwa huɗu, na harshen wuta da ƙoƙon kai da hannun da ya ƙone, tsari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi don wanda bai iya karatu ba ya gane. Kada a ajiye fiye da abin da za a sayar cikin ɗan lokaci. A tanadi bokitin yashi da na'urar kashe wuta, a rubuta lambar 'yan kwana-kwana, 192 ko 112, a jikin bango. Takardar shaidar kariya daga gobara, wadda ƙa'idar 2003 mai lamba 1724 ta tanada ga wuraren aiki kuma ake sabuntawa duk wata 12, ita ce ke da ɗan nauyi. Amma wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a sashen masu ƙuna na asibitin Komfo Anokye ya san wanne ya fi tsada.

Inda marubucin ya yi gaskiya shi ne a kan yadda ake aiwatar da dokar. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan tarar da kansa tsakanin hukumomi da yawa: EPA, da 'yan kwana-kwana, da sashen binciken masana'antu da ke aiki da dokar 1970 mai lamba 328, da majalisar ƙaramar hukuma mai ba da izinin kasuwanci, ga hukumar man fetur ta NPA ga mai harkar gas. Kowace da fom ɗinta da kuɗinta da ofishinta, kuma duk da Turanci. Masu bincike sun yi kaɗan, kuma jami'in da zai karɓi na goro ya juya baya ya fi rashin zuwansa illa, domin yana sa jama'a su ɗauka an duba wurin. Tsoron da masu ƙananan gidajen gas ke yi cewa tsarin musayar tukunya zai miƙa kasuwar ga masu manyan cibiyoyi shi ma ba tsoron banza ba ne, kuma ƙungiyarsu ta daɗe tana faɗar haka. Waɗannan duka dalilai ne na gyara aiwatarwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rage ƙarfin fashewar kabaid.

Gyaran da ya dace ya riga ya samu a wasu wurare. Dokar Seveso ta Turai tana raba wurare mataki-mataki bisa iri da yawan sinadarin da aka ajiye, wanda ya fi yawa ya fi ɗaukar nauyi. Ghana za ta iya yin haka ga ƙananan sana'o'i: mai jarka biyu ta tinna ya cika takarda ɗaya mai sauƙi a wuri ɗaya da kuɗi kaɗan, mai ganga ashirin ya bi cikakken bincike, albarushi da nakiya kuma a hana ajiye su cikin kasuwa ko unguwa ko da mai su ɗan ƙaramin ɗan kasuwa ne. Za a iya gina rumbun ajiya na haɗin gwiwa a wajen gidajen jama'a, inda kowane mai sana'a zai riƙa ɗebo abin da zai yi aiki da shi na kwana ɗaya ko biyu. Kumasi ta taɓa mayar da masassaƙan unguwar Anloga zuwa ƙauyen katako na Sokoban, kuma darasin da aka koya a can shi ne sai an tanadi hanya da wuta da ciniki kafin mutane su yarda su tashi. Asusun Raya Zango, wanda dokar 2017 mai lamba 964 ta kafa, yana cikin wuraren da ya dace a nemi kuɗin irin wannan aiki.

Akwai kuma abin da Zango za ta iya yi da kanta ba tare da jiran Accra ba. Ƙungiyoyin masu walda da kanikawa da masu sayar da maganin feshi sun san membobinsu fiye da kowane sufeto. Sarakunan Zango da limaman Juma'a suna da kunnen jama'a, gidajen rediyon da ke magana da Hausa a Kumasi kuma ana saurarensu a kowane shago. Idan ƙungiya ta tattara jerin wuraren da ake ajiye kabaid da gas da albarushi ta miƙa wa ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, masu kashe wuta za su san inda ba za su watsa ruwa ba kafin su iso. Biyan kuɗin takarda a ƙungiyance, da rasit, yana kuma toshe ƙofar da jami'i marar gaskiya ke bi ya matsa wa mutum ɗaya. A matakin ƙasa, daftarin dokar bai ɗaya ta lafiya da amincin ma'aikata, wadda za ta tattara ayyukan da ke warwatse a hannun hukumomi daban-daban, ya shafe shekaru yana jiran zama doka. Wannan daftari ne ya kamata masu magana da yawun ƙananan 'yan kasuwa su matsa wa 'yan majalisar Asawase da Manhyia da Oforikrom a kansa, tare da neman a sa masu sana'ar hannu da yaran da ke koyo a cikinsa da sunansu, tunda dokar 1970 an rubuta ta ne da manyan masana'antu da ofisoshi a zuciya.